Daga Atina zuwa ajin Tarminal: me muka gada, me muka bari a hanya?

 

Akwai kalmomi uku da kullum suke bakinmu in ana zancen karatun boko a ƙasar nan: lakwal, lise da filo. Uba ya ce ya sa ɗansa lakwal. Yarinya ta ci brebe ta wuce lise. Ɗan Tarminal ya ce filo ta hana shi barci. Duka ukun ta bakin Faransawa suka iso mana, amma asalinsu Girkanci ne. Lakwal ta fito daga kalmar skole, wadda a wurin tsoffin Girkawa take nufin hutu, wato lokacin da mutum ya aje aikin neman abinci ya zauna yin tunani da muhawara. Lise sunan wani fili ne a gefen birnin Atina, Likeyon, inda Aristot ya buɗe makarantarsa shekara 335 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Filo kuwa, falsafa, ma'anarta son hikima. Kenan duk wanda ya bi ta ƙofar Lise Ɗan Baskore a Maraɗi, ko Amadu Kuran Daga a Damagaram, ko Agabba a Tawa, ko Isa Korombe a Yamai, ya shiga ƙarƙashin sunan da ya haura shekara 2300 a duniya.

Ra'ayina a yau shi ne: abu mafi daraja da malaman Girka suka bar ma makaranta shi ne koyarwa ta hanyar tambaya, a bar yaro ya motsa ƙwaƙwalwarsa har ya kai ga amsa da ƙafarsa. Mu kuwa sunayen da jarrabawar muka riƙe gam, tambayar ta zube mana a hanya. Bari mu je Atina mu ga yadda abin ya faro, sannan mu dawo gida.

A ƙarni na 5 kafin Annabi Isa (AS), 'yan gari ne ke mulkin Atina. Maza 'yantattu su taru a majalisa, kowa ya tashi ya yi magana, a kaɗa ƙuri'a. A kotu ma mutum da bakinsa yake kare kansa. Saboda haka iya magana ta zama jari. Sai ga wasu malamai masu yawo gari gari, ana ce musu sofist, irin su Protagoras da Gorjiyas, suna koya ma ɗiyan masu hali dabarun cin muhawara, a biya su kuɗi masu kauri. In kun lura, darasin kuɗi na bayan an tashi lakwal yana da kakanni.

Cikin wannan kasuwa ne Sokrat ya fito. Ubansa mai sassaƙar dutse ne, uwarsa ungozoma. Bai buɗe makaranta ba, bai karɓi ko dala ba, bai rubuta ko shafi guda ba. Duk abin da muka sani a kansa daga rubutun wasu ne, musamman almajirinsa Platon, wanda malamanmu na zaure ke kira Aflaɗon. Aikinsa shi ne ya tare mutum a kasuwa ko a filin motsa jiki ya tambaye shi: kai da kake sojan yaƙi, mene ne jaruntaka? Kai da kake hukunci, mene ne adalci? Mutum ya ba da amsa cikin gadara, Sokrat ya kawo misalin da amsar ba ta ɗauka ba, a sake wata, a sake gwada ta, har mai amsar ya gano ashe abin da ya ɗauka ya sani bai san shi ba. Sokrat ya kwatanta aikin nasa da sana'ar uwarsa. Ungozoma ba ta kawo jariri daga gidanta, wanda ke cikin mai naƙuda take taimaka ma ya fito lafiya.

Akwai misali guda da nake so kowane mushe da kowace madam su riƙe. A littafin Platon mai suna Menon, Sokrat ya sa aka kira wani yaro bawa wanda bai taɓa koyon lissafi ba. Ya zana murabba'i a ƙasa, kowane gefe ƙafa 2, girman cikinsa 4. Ya tambayi yaron: in ana son wanda cikinsa ya ninka wannan, wato 8, gefensa ƙafa nawa zai zama? Yaro ya ce 4, tunda ninki ake so. Aka zana, aka ƙirga, sai ga 16. Ya ce to 3. Aka ƙirga, 9. Yaro ya tsaya cak, ya ce shi kam bai sani ba. A nan Sokrat ya juya ga ubangidan yaron ya nuna masa cewa yanzu ne aka samu ci gaba, don ɗazu yaron na kan kuskure yana jin daidai yake, yanzu kuwa ya san akwai abin biɗa. Da tambaya bayan tambaya aka kai shi ga layin da ya ratsa murabba'in daga kusurwa zuwa kusurwa, diyagonal, ya gani da idonsa cewa a kansa ake gina mai girman 8. Sau biyu yaron ya yi kuskure, ba wanda ya daka masa tsawa, kuma kuskuren ne ya zama tsanin da ya taka.

Platon ya kafa tasa makarantar wajen shekara 387 a wata gonar itatuwa da ke bayan ganuwar gari, mai suna Akademiya. Daga nan kalmar akademi ta fito. A littafinsa Jamhuriya ya ba da misalin kogo, wanda duk ɗan Tarminal ya ji labarinsa: mutane ɗaure tun suna yara, fuskarsu na kallon bango, wuta na bayansu, inuwa kaɗai suke gani har suka ɗauka ita ce duniya. Darasin da Platon ya ciro shi ne ido yana nan tun farko, matsalar inda yake kallo ce. Aikin malami ya juya almajiri ya fuskanci haske. Ya kuma tsara matakai: wasan motsa jiki da kiɗa da waƙa tun ƙuruciya, sannan lissafi, ilimin awo da na taurari, muhawara mai zurfi sai an kai 30, a yi shekara 15 ana ma gari aiki, sai a 50 mutum ya cancanci riƙon jama'a.

Aristot ya yi shekara 20 a Akademiya, ya koyar da Iskandar na Makedoniya yana saurayi, kafin ya buɗe Likeyon. Shi mutum ne mai son gani da ido, ya bi kifaye da tsirrai da tsarin mulkin garuruwa yana rubutawa. A fannin tarbiyya ya ce hali da sabo ake samunsa: da gini ake zama magini, da kaɗa molo ake zama makaɗi, da aikata adalci ake zama adali. Ya kuma ce karatun yara nauyin hukuma ne, bai kamata a bar kowane gida da nasa ba, tunda gari ɗaya za su riƙe. Duk ranar da kuka ji ana cewa ilimi haƙƙi ne a wuyan gomnati, to maganar ta daɗe.

Ta yaya wannan gado ya iso Sahel? Ta hanya biyu, kuma mutane sun fi sanin ta farko. A 1802 Napoleyon ya kafa makarantun sakandare na gomnati a Faransa ya sa musu sunan lise, a 1808 aka kafa jarrabawar bak. Faransa ta maida falsafa rawanin ƙarshen sakandare, mulkin mallaka ya kawo tsarin nan, muka ci gaba da shi bayan 1960.

Hanya ta biyu ta girmi wannan nesa ba kusa ba. A ƙarni na 9, zamanin Abbasiyawa, an fassara littattafan Aristot zuwa Larabci a Bagadaza. Masana suka yi masa laƙabi da malami na farko, Alfarabi kuma malami na biyu. Ibn Rushdi na Kurɗuba ya yi sharhinsu, aka juya sharhin zuwa Latin, aka karanta a jami'ar Paris. Kun ga ita kanta hanyar Faransa ta ratsa ta hannun Larabawa. Ilimin manɗiƙi, wato ƙa'idojin gina hujja, daga Aristot ya samo tushe. Kun san Ahalari, littafin da ake fara ma almajiri da shi a babin tsarki da salla? To mai shi, Shehu Abdurrahman Al'ahdari, mutumin ƙasar Aljeriya na ƙarni na 16, shi ne kuma ya rubuta Sullam, waƙen manɗiƙi da manyan ɗalibai ke karantawa a zaure. Shehu Magili, wanda ya ratsa Ayar ya zauna Kano zamanin Muhammadu Rumfa, ya kare manɗiƙi lokacin da Imam Suyuɗi ya yi hani da shi, suka yi musayar baitoci. Malamai sun saɓa a kai, gaskiya ne. Amma wanda ya ce auna hujja kayan nasara ne da jirgi ya sauke jiya, tarihi bai goyi bayansa ba.

To yanzu mu dubi abin da muka yi da gadon. Yaro ya shiga lakwal yana shekara 6 ko 7. Mushe ya rubuta a tablo, yara su kwafe a kaye, a hardace, ranar jarrabawa a amayar. Shekara goma sha wani abu ana haka. Sai dab da bak a ce masa: ga filo, yi tunani da kanka, kawo hujja, kawo kishiyarta, ka sasanta su. Mutumin da aka ɗaure ma ƙafa tun yana rarrafe, yau a ce ya shiga tsere! Me zai yi? Abin da ya saba. Ya sayi fasikil, ya hardace zantukan manyan masana guda talatin, ya hardace gabatarwa mai shiga kowane suje, ya je ya zuba. Har maganar Sokrat a kan sanin cewa ba ka sani ba, ita ma hardace ta ake yi don a samu maki. Da mutumin zai leƙo ajin, wallahi dariya za ta kama shi, ko kuka.

Ban ɗora laifin a kan malamai ba. Wanda aka danƙa ma aji cike maƙil, wani ma na zana ne, littafi bai wadata ba, program na bin sa da gudu, insfekta na jiran ya ga an gama, dole ya zaɓi hanyar da ta fi sauri. Tsarin ne ke ba mai hadda lada, ya bar mai tambaya hannu rabbana. Hadda kuma tana da gurbinta, ba wanda zai yi lissafi bai riƙe jadawalin sau a ka ba. Inda take cutarwa shi ne in ta zama ita ce farko ita ce ƙarshe.

A wasu wurare an ɗauki tambayar da gaske. Tun 1870 makarantar koyon shari'a ta jami'ar Harvard a Amurka ta koma koyarwa ta hanyar ɗora ma ɗalibi shari'ar da aka taɓa yankewa, malami ya yi ta jefa masa tambaya, har yau sunan Sokrat suke kiran salon da shi. A shekarun 1970 wani malamin falsafa Ba'amurke, Matiyu Lipman, ya fara shirin falsafa don yara: a karanta ɗan labari, yara 'yan firamare su zauna da'ira, su fitar da tambayoyinsu, kowa ya kawo dalili, ya saurari na ɗan'uwansa. Shirin ya bazu ƙasashe da dama. Ba ya buƙatar kwamfuta ko lantarki. Malami mai haƙuri da rabin awa sun isa.

Na san abin da wani dattijo zai ce, kuma maganarsa abin saurare ce: in ka koya ma yaro tambaya, gobe kai zai tuhuma, ka sayo rashin kunya da kuɗinka. Wannan tsoro ya girmi kakanninmu. A shekara 423 wani mai wasan barkwanci a Atina, Aristofan, ya shirya wasa mai suna Gizagizai. A ciki wani uba da bashi ya yi ma katutu ya tura ɗansa wurin Sokrat ya koyo bakin da zai kori masu bin bashi. Ɗa ya dawo ya lakaɗa ma uban duka, ya kuma kawo hujjar cewa daidai ya yi. Mutanen gari suka sha dariya. Bayan shekara 24, a 399, aka gurfanar da Sokrat gaban 'yan gari kimanin 500 bisa zargin ɓata matasa da ƙin girmama allolin gari. Aka yanke masa hukuncin kisa, ya sha guba yana da shekara wajen 70.

Shi kansa Platon bai raina wannan damuwa ba. Ya yi gargaɗi cewa samari in suka ɗanɗana muhawara da wuri sukan maida ta wasa, su zama kamar 'yan kwikwiyo masu yagar duk abin da suka samu, shi ya sa ya jinkirta ta. Aristot kuma ya sa gyaran hali a gaba. Kenan su ma sun san icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Inda na rabu da Platon shi ne jinkirin. Yaron da ke Menon ai ba ɗan shekara 30 ba ne. Tambaya iri biyu ce: akwai ta mai son ya kunyata na gaba da shi, akwai ta mai son ya gane. Ta biyun ladabi ne da kanta, don sai ka yarda ba ka sani ba kake yin ta, kuma sai ka yi shiru kake jin amsa. Hausawa da suka ce matambayi ba ya ɓata ba su nufin mai gardama. Sannan mu duba zamanin da muke ciki. Yaron da ba a koya ma cewa "ina hujjarka?" ba, shi ne kowane saƙon murya na WhatsApp zai kaɗa, shi ne ɗan damfara zai wanke, shi ne mai zaƙin baki zai ja zuwa daji. Biyayya marar tunani ba ta zaɓen ubangida. Duk wanda ya riga kama igiyar shi ke ja.

Wani kuma zai ce: su Girkawan nan waliyyai ne da za mu bi su? Ko kusa. Hutun nan da ake kira skole, bayi ne ke noma da aikin gida kafin 'yantattu su same shi. Aristot ya rubuta cewa wasu mutane bayi ne tun daga halitta, maganar banza ce kuma an yi amfani da ita an cuci bayin Allah. 'Yan matan Atina galibi a gida aka bar su, ko da yake Platon ya nemi a ba mata horo iri ɗaya da maza, abin da ya zama baƙon zance a zamaninsa. Shi kuma Platon ɗin ya so hukuma ta tace waƙoƙi da labaran da yara za su ji, har ta kori mawaƙan da ba su yi mata ba. Duk wannan sai mu sa shi a faifai mu sheƙe, mu ɗauki tsaba mu bar dusa. Makamin da za mu yi sheƙar da shi ma, tambaya ce.

Saura magana guda, kuma ita ta fi damuna. Kafin Sokrat ya fara da yaron nan bawa, abu ɗaya tak ya bincika: ko yaron yana jin Girkanci. Bai nemi takardar haihuwa ko sunan ubansa ba. Harshe ɗaya kawai ya nema tsakaninsu. Mu kuwa muna ɗaukar yaron da ya tashi da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Tamajak ko Barbarci, mu ce ya yi tunani mai zurfi cikin harshen da yake tsoron yin kuskure a cikinsa. Wanda ke fargabar a yi masa dariya kan konjigezo ba zai ɗaga hannu ya yi tambaya ba. Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi wannan kira tun 1964 a littafinsa kan ilimi a Afirka, ya nemi a koyar da yara cikin harsunansu. An fara gwajin makarantu masu harshe biyu a Damagaram tun 1973. A 2025 kuma an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Takarda ta yi nata. Abin jira shi ne ranar da yaro ɗan CE1 zai ce "mushe, don me?" cikin harshen uwarsa, a amsa masa ba tare da an aza masa sambol ba. Faransanci da Ingilishi a koye su da kyau, muna buƙatarsu. Amma tunanin da ya yi saiwa a harshen gida ya fi saurin yin reshe a harshen waje.

Kafin manya su gyara program, akwai abin da ke hannunmu. Mushe, ko minti goma ne a ƙarshen darasi, ka jefa tambayar da ba ta cikin kaye, in yaro ya kauce ka ce masa "zo mu gwada mu gani" kafin jan bik ya sauka. Iyaye, in ɗiyanku sun dawo, bayan "maki nawa ka samu?" ku ƙara da "me ka tambaya yau?" Masu shirya jarrabawa, ku ba hujjar da yaro ya gina da kansa daraja fiye da jerin sunayen da ya hardace. Ku kuma samarin fada, kuna da abin da Sokrat ya yi aiki da shi: inuwa, lokaci da abokan zance. Tsakanin shayi na farko da na uku, in wani ya kawo labari, a tambaye shi daga ina ya ji, in ya ce wane azzalumi ne, a tambaye shi mene ne zalunci, kuma wanda aka kayar da hujja ya karɓa ba tare da an ɓata ba. Mu ma 'yan rediyo maganar ta hau kanmu, don baƙon da aka bari ya yi ta zuba ba a ce masa "ina dalili?" ba, an zalunci mai saurare.

Malamai da ke cikin aji, ku kuka san inda takalmin ke matsi: a ajin da ya cika haka, wace dabara kuke yi yara su buɗe baki? Iyaye, kuna ganin tambaya na rage ladabi ko tana ƙara shi? Muna jiran ji daga gare ku, kuma wanda ya saɓa mini ya zo da hujjarsa, za a ba shi fili.

Allah ya ba ɗiyanmu ilimi mai amfani. Sai an jima.